Allon Malam Mudi Mai Zayyana

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku, kuma ba ta zamanin kakanni ba ce, ta kwanan nan ce. In na kai ƙarshe ku ne alƙalai, don haka wanda ya yi gyangyaɗi kada ya farka ya zo yana mana gardama.

A wani tsohon birni, a lungun da ke bayan marina, akwai wani dattijo ana ce masa Malam Mudi mai zayyana. Sana'arsa tun yana saurayi ita ce rubuta Alƙur'ani da hannu da yi masa ado, wato zanen nan mai launi da ake sawa a kan izu da wurin sujada, da kuma allon da ake yi wa mai sauka. Ya haura tamanin. Mutum ne mai tsabta, mai ƙarancin magana, ga taurin kai irin na waɗanda suka san sun iya. Abu ɗaya ke cin ransa, kuma ba ya gaya wa kowa: hannunsa ya fara rawa, ga shi ba magaji. 'Ya'yansa maza suna ganin girmansa, ba sa barinsa da yunwa, amma ɗaya direba ne, ɗaya yana sayar da kayan gyaran babur, ba wanda ya taɓa riƙe alƙalamin gamba ya ja layi biyu. Masu zuwa koyo kuwa sun ɗauke ƙafa tun da aka fara buga irin zanen da inji. Kullum da hantsi yakan fito zaure ya jera kwalaben tawadarsa, ya zuba musu ido, tsoro ya kama shi, don ya san ranar da aka kai shi makwanci, abin da malaminsa ya shekara goma sha biyu yana ɗura masa ya tafi ke nan.

To, a birnin akwai gidan adana kayan tarihi, kuma gidan yana da wani shirin hira da ake sawa a intanet mutane su saurara a waya, irin wanda 'yan zamani ke kira fodkas. Shirin na fasahar Musulmi ne da al'adunsu. Yau a zauna da maginin da ke yi wa masallaci ado, wani makon maɗinkin babbar riga, wani kuma badukun da ke ɗinka gafaka. Mutum uku ke riƙe da shi. Zuwaira ce mai yin tambayoyi. Lawandi ne mai ɗaukar murya. Huwaila kuma ita ke tace abin da aka ɗauko, ta yanke tari da in'ina, ta jera shi ya zama shiri.

Zuwaira ce ta fara zuwa wurin Malam Mudi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ya saurare ta tsaf, sannan ya ce aikin Littafin Allah ba abin da mutum zai zauna yana yabon kansa a kai ba ne, shi yana tsoron riya. Ya sa aka kawo mata ruwa da dabino, ya sa mata albarka, ya ce ta gaida gida. Ta dawo, ta sake shan ruwa da dabino. Sau biyar tana zuwa, har matar gidan, Inna Kuluwa, ta fara cewa yarinyar nan dabino take bi. Da wata ce da ta haƙura ta nemi wani tsohon. Ita kuwa sai ta shiga ɗakin ajiyar gidan tarihin, ta kwana huɗu tana zuwa tana bincikar tsofaffin takardu tana atishawa, har ta gano cewa wani shafin zayyana da ke cikin gilashi daga lungun marina aka kawo shi shekaru da dama da suka wuce. Ta ɗauki hotonsa a waya, ta koma karo na shida.

"Baba, yau ba hira na zo nema ba. Abu zan nuna maka."

Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da idonsa.

"Me aka rubuta a ƙasan nan?"

"An rubuta ba a san wanda ya yi ba."

"Wa ya ce ba a sani ba? Hannun Malam Jatau ne, malamina. Bahago ne, ki dubi yadda layin ke kwantawa. Wannan jan ma ni na dama masa."

"To Baba, in ni na je na faɗa, wa zai yarda da ni? Ban gan shi ba, ban zauna da shi ba."

Malam Mudi ya dube ta, ya sake duban hoton. Ya gane sarai tarko ne, amma ransa ba zai iya barin malaminsa a cikin gilashi ba suna ba. Ya yi ƙwafa ya ce, "'Yar nan, kin iya farauta. Zan yi, amma a kan Malam Jatau zan yi magana, ba a kaina ba." Zuwaira ta amsa da ladabi, sai da ta fita daga lungun sannan ta yi dariya.

Ranar hira aka zo da mota aka kai shi gidan tarihin, aka shigar da shi ɗakin ɗaukar murya. Ɗaki ne ba taga, an manna masa soso a bango, ga sanyin na'ura yana ratsa ƙashi. Aka ɗora masa abin sauraro a bisa hula, aka kafa masa makirfo a gaban baki. Malam Mudi da ya kwana uku yana tsara abin da zai faɗa, sai ya neme shi ya rasa. Zuwaira ta yi tambaya, ya ce, "E." Ta yi wata, ya ce, "Haka ne." Ta tambaye shi halin Malam Jatau, ya ce, "Allah ya jiƙansa." Aka shafe kusan awa guda ba a samu abin da ya kai gaisuwar safe ba. Kunya ta rufe shi, ya ƙudurta a ransa shi da wannan abu har abada.

Lawandi ne ya raka shi gida. Suna shiga zaure, tsohon ya zauna a buzunsa, don huce haushi ya ɗauki gamba da wuƙa ya fara feƙe alƙalami. Ba wanda ya tambaye shi, sai ga shi yana gaya wa Lawandi yadda ake zaɓen gamba, da lokacin da ake yankarta, da yadda Malam Jatau ke jefar da alƙalami in ya ji ƙararsa ba ta yi masa ba. Rabin awa yana zuba. Lawandi bai katse shi ba, amma ya gane inda maganar take: in dai ba abin aiki a hannun tsohon nan, bakinsa ba ya buɗewa. Ke nan a zaure za a yi hirar.

Sai dai zauren Malam Mudi ba wurin ɗaukar murya ba ne. Ta baya mabuga suna dukan shadda. Ta gaba babura da awaki. Bango ɗaya kuma ya raba shi da injin markaɗen Iya Tabawa, wanda in ya tashi har kwalaben tawada sai sun yi rawa. Lawandi ya zo ya zauna a dakali kwana uku da abin sauraro a kunne, ba ya cewa komai, har mutanen lungu suka rabu biyu, wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne, wasu suka ce budurwa yake jira ta ƙi fitowa. Shi kuwa sauraron unguwar yake yi. Ya gano mabuga suna hutawa tsakanin azahar da la'asar, babura ma suna raguwa. Injin ne ba ya hutu. Ya je ya roƙi Iya Tabawa, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba za ta bar matan unguwa da miya ba markaɗe saboda surutun tsoho ba. Lawandi bai ja da ita ba. Ya bi gida-gida yana sallama yana roƙon a fito da markaɗen gobe da safe, kashegari kuma ya ɗaura bokitai a babur ɗinsa, shi ya kai, shi ya dawo da su. Kafin azahar Iya Tabawa ta gama aikin yininta, ta kashe inji tana shi masa albarka. Ya shigo zaure da ƙullun wake a wando, ya rataya barguna a ƙofa, ya maƙala makirfo ɗaya a wuyan rigar Malam, ɗaya kuma ya aje shi kusa da takarda don a ji tafiyar alƙalami. Ya ce, "Malam, ka yi aikinka kawai, ka manta da mu." Malam Mudi ya tsoma alƙalami, bakin ya buɗe. Awa biyu cur yana zane yana magana. Zuwaira da Lawandi suka koma ofis baki har kunne.

Huwaila ba ta je zauren ba, don aikinta na zaune ne. Ta sa abin sauraro, ta kunna, ta ji daga farko har ƙarshe, sannan ta kira su ta ce su rufe ido su saurara. Sai ga muryar Malam Mudi garau, ba inji ba akuya: "Sai ka fara daga nan, ka ja shi haka. Ka gani? To sai ka dawo haka, ka kewayo ta nan, ka ɗora wannan a kan wancan. Shi ke nan sirrin." Ga kuma muryar Zuwaira tana cewa, "Ikon Allah." Su biyun suka buɗe ido suka dubi juna. Lokacin da suke zaure idonsu na kan hannun tsohon, ba wanda ya lura cewa wanda ba ya wurin ba zai tsinci komai ba.

Lawandi ya ce a haɗa da hotuna. Huwaila ta ce masu sauraronsu direbobi ne da teloli da mata a bakin murhu, idonsu na kan aiki, kunne kawai suka ba su aro. Zuwaira ta ce a koma a roƙe shi ya daina cewa haka. Huwaila ta ce mutumin da ya shekara tamanin yana magana da yatsa, ba roƙo zai canza shi ba. Ta sallame su, ta sake sauraron hirar sau uku. A na ukun ta tsinci wata magana da Malam ya yi a wuce, yana cikin dama tawada: "Da Barau na nan, ai shi ya fi kowa sanin wannan zanen." Ta ce a ranta, wane ne Barau?

Ba ta tambayi Malam ba. Cikin gida ta shiga wurin Inna Kuluwa, ta taya ta tsince shinkafa, a nan ta ji labari. Alaramma Barau taubashin Malam Mudi ne, makaho tun yana ƙarami, mahaddaci. Shekara talatin yana zama a zauren nan. Duk shafin da Malam ya rubuta sai ya karanta masa, Alaramma ya duba masa da ka, shi kuma ladansa, sai an gaya masa zayyanar da ke shafin, layi bayan layi, har ta zauna masa. Shekara shida ke nan da ya koma wurin 'yarsa a wani ƙauye a hayin kogi. Huwaila ta hau motar haya, ta sauka ta hau kwale-kwale, ita da ko rafi ba ta son tsallakawa, ta rufe ido tana salati har aka kai gaɓa. Ta sami Alaramma a gindin darbejiya, ta gaishe shi, ta kunna masa hirar. Ya yi dariya har ta sarƙe shi da tari. Ya ce, "Mudi ya lalace tun da na bar shi. Miƙo min sandata, 'yata."

Malam Mudi yana zaune bai san abin da ake ciki ba, ya dai ga Lawandi ya sake rataya barguna. Sai ya ji ƙarar wata sanda a bakin ƙofa, ƙarar da ko cikin kasuwa zai gane ta. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, amma da yake taubasai ne, sai ya ɗaure fuska.

"Kai har yanzu kana raye?"

"Ina zan mutu in bar ka kana yi wa duniya haka-haka? Matsa min in zauna."

Aka kunna na'ura. Malam Mudi ya tsoma alƙalami ya ce, "Sai ka fara daga nan, ka ja shi haka." Alaramma ya buga sanda a ƙasa.

"Haka ina? Gabas ko yamma? Ni ka ga na gani?"

Malam Mudi ya yi tsaki, ya gyara zama, ya koma yadda ya saba yi masa. "To, ka ɗauka takardar nan fili ce. Ka kafa turke a tsakiya. Ka ɗaure akuya da igiya tsawon ɗan yatsanka, ta kewaya sau ɗaya. Inda ƙafarta ta bi, shi ne da'irarka. Ka sa ɗigo a gabas, da yamma, da kudu, da arewa, sannan ɗigo a tsakanin kowane biyu, sun zama takwas. Daga kowane ɗigo layi biyu za su fita, na dama ya bi ta ƙarƙashin maƙwabcinsa, ya hau kan na gaba, kamar saƙar tabarma."

"Ka yi tsallake," in ji Alaramma. "Ja ake fara sawa, a bari ya sha iska, sannan rawaya. Haka ka ce Malam Jatau ke yi. Ko tsufa ya cinye?"

Haka suka yi ta yi har la'asar, ɗaya na faɗa, ɗaya na ƙure shi, Zuwaira na jefa tambaya in sun lafa, Lawandi na cije leɓe kada dariyarsa ta shiga na'ura. Huwaila ta tace, shirin ya fita. A gidan tarihin kuma aka cire tsohuwar takardar bayanin da ke jikin gilashi, aka sa sabuwa da sunan Malam Jatau.

Malam Mudi bai ma saurari shirin ba, ya ce shi ba zai zauna yana jin muryar kansa ba. Bayan mako uku, wata Talata da hantsi, wani magidanci ɗan kimanin shekara arba'in ya yi sallama, hannayensa duk fenti. Ya ce sunansa Ilu, a wata tasha mai nisa yake yi wa manyan motoci zane, kuma yana kan tsani yana aiki ya ji hirar, ya maimaita ta sau bakwai. Ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu, ya miƙa da hannu biyu. Malam Mudi ya warware. Zanen Malam Jatau ne, da turkensa da saƙarsa, ja a inda ja yake, rawaya a inda rawaya take.

"Wa ya nuna maka?"

"Ba wanda ya nuna min, Malam. Ji na yi."

Tsohon ya daɗe yana kallon takardar. Ya so ya yi faɗa don ya ɓoye abin da ya taso masa, ya nuna wani lungu ya ce, "Nan ka kuskure, wannan ta ƙasa zai bi," amma sai hawaye suka zubo masa har gemu. Nauyin da ya shekara yana ɗauke da shi shi kaɗai ya ji an sauke masa. Ya goge ido ya ce wa Ilu ya wanke hannu ya zo ya zauna. Kafin damina ta faɗi masu koyo sun kai bakwai, har da wani malamin makaranta da ya yi ritaya, da wata mai zanen lalle da ke ɗaukar nata darasin a tsakar gida wurin Inna Kuluwa.

Sai Malam Mudi ya ga ya kamata ya yi godiya, kuma shi godiya ɗaya ya iya. Ya sa aka sassaƙa masa allo mai kyau. Hannunsa ba ya natsuwa sai ɗan lokaci kaɗan da safe, don haka kullum layi biyu ko uku yake ja ya ajiye. Wata biyu da kwana tara ya yi a kansa. Ranar da ya sa ɗigon ƙarshe ya gwada sake ɗaukar alƙalami, hannun ya ƙi, ya san wannan allon shi ne na ƙarshe da zai fito daga hannunsa. Ya aika aka kira su ukun, ya jingina shi a bango. 

Ya ce, "Na yi shi ne don wanda ya kawo min mutanen nan. Na so in yi uku, hannu ya ce ɗaya."

Zuwaira ta ce ai Huwaila ce ta sha wahala. Huwaila ta ce ai Lawandi ne. Lawandi ya ce shi wane ne, ai Zuwaira ce ta buɗe ƙofa. Bakinsu ke nan, amma idon kowannensu na kan allon, ko ƙiftawa ba ya yi. Shugaban gidan tarihin, da ya biyo su, ya ce to a kai shi gidan tarihi mana, ya zama na kowa. Malam Mudi ya ce a'a, ya ga yadda malaminsa ya zauna a gilashi, shi allonsa gidan mutum zai shiga, inda yara za su taɓa shi a kwaɓe su. Wani ya ce a ba Alaramma, wanda shi ma yana zaune a wurin. Alaramma ya ce shi an riga an gaya masa allon layi bayan layi, nasa yana ka, ya ma fi wannan kyau, a bar masu ido su yi rigimarsu.

Malam Mudi ya dubi Zuwaira: ba don ita ba, da bai taɓa yarda ya yi magana ba, da yana nan yana raba dabino. Ya dubi Lawandi: ba don shi ba, da an tsaya a "E" da "Haka ne", ko kuma injin Iya Tabawa ya cinye zancen. Ya dubi Huwaila, wadda sau biyu kawai ya taɓa ganinta: ba don ita ba, da shirin ya fita, an saurara, an yaba, amma ba wanda zai iya jan layi ɗaya da shi, Ilu kuwa da yana can kan tsaninsa. Ya ɗauki allon, ya riƙe shi a cinya, ya rasa inda zai miƙa.

Ni dai a nan na bar shi, allo a hannu, hannu na rawa, kuma ba zai iya yin wani ba. To, ku da kuka ji komai, wa ya kamata Malam Mudi ya miƙa wa allon nan: Zuwaira, ko Lawandi, ko Huwaila?